Ƙanwata ta ɗauki adashi za ta sayi kyamara, na hana ta

1/ Ƙanwata ta ɗauki adashinta wancan satin, ta same ni a ƙofar gida a Gyadi-Gyadi. "Yaya, raka ni in sayi kyamara, ta gaske irin ta masu hoto. Na gaji da hoton waya." Na ce mata kar ta saya. Kwana uku ba ta gaishe ni da fara'a ba. Ga dalilina, in na zalunce ta ku faɗa min. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Kafin masu hoto su taso min a ƙasa: ni ma naku ne. Shekara huɗu na yi ina rataye da Canon a wuya, ina bin kamu da dina da suna daga Court Road har Hotoro. Da kuɗin na biya rajistar makaranta. Ba gaba nake da kyamara ba, na san abin da take iyawa.

3/ Amma na tambaye ta: me za ki ɗauka? Ta lissafo. Atamfa da leshin da take sayarwa a sitatus, yaran Yaya Babba, girkin da ta yi ya yi kyau, ita da ƙawayenta in sun fita. Shi ke nan. Na ce duk wannan aikin waya ne. Ta ce ai hoton mai hoto ya fi kyau. Na ce ƙwarai ya fi, amma ba don abin da kike zato ba.

4/ Mu fara da gaskiyar da ba ta da daɗi ga masu waya. A bayan gilashin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da ke karɓar haske, shi ake kira sensa. Na manyan kyamarori milimita 36 ne a faɗi, 24 a tsaye. Na wayoyin da yawancinmu ke riƙewa bai wuce milimita 5 zuwa 8 a faɗi ba. In ka auna fili, na kyamara ya ninka na waya sau ashirin ko fiye.

5/ Ku ɗauka ana ruwan sama. Wani ya tara baho, wani ya tara gwangwanin madara. In ruwan kamar da bakin ƙwarya ne, kowa zai samu. In yayyafi ne, mai gwangwani ya tashi a banza. Haske haka yake. Da rana tsaka waya da kyamara kusan kunnen doki suke yi. Da magariba, ko a ɗakin da aka ɗauke wuta, nan ake gane babba.

6/ To ina maganar megapiksel 108 da aka rubuta a jikin kwali? Duk wanda ya taɓa shiga Farm Centre ya ji wannan kirarin. "Oga wannan ɗari da takwas ce fa, ta fi kyamarar 'yan fim." Ban ga laifin mai shago ba, abin da kamfani ya rubuta yake karanta maka.

7/ Megapiksel awon igiya ne. Fili ɗaya ne ɗan ƙarami, aka yayyanka shi gida miliyan 108. Filin bai ƙaru ba, ɗakunan ne suka ƙanƙance har katifa ba ta shiga. Shi ya sa wayar da kanta take haɗe ɗaki tara su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai megapiksel 12. Mai 50 kuma tana haɗe huɗu-huɗu ta ba ka 12 da rabi. Duba bayanan hoton da ka ɗauka jiya ka gani.

8/ Kuma a ƙananan wayoyi da dama, idanun nan uku ko huɗu da ke baya, ɗaya ne ke aikin kirki. Sauran 'yan rakiya ne, masu megapiksel 2, an sa su don wayar ta yi kama da ta manya. Toshe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa kana kallon allo, za ka ga wanda ke ɗaukar nauyin gidan.

9/ To in haka ne, me ya sa hoton waya ke fitowa tas? Saboda waya ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Kana dannawa ta ɗauki da yawa a jere cikin ƙiftawar ido, wani da haske wani da duhu, manhaja ta haɗa su ta goge datti ta miƙo maka guda. Rabin aikin gilashi ne, rabi lissafi.

10/ Wani lokaci lissafin yana wuce gona da iri. A watan Maris na 2023 wani ya sa hoton wata da ya dusashe da gangan a allon kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung daga nesa, sai ga wata ya fito da ramukansa ɓaro-ɓaro, abin da babu shi a allon. Kamfanin ya yi bayani cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke gane wata tana ƙara masa fitowa. Wato wani sa'in waya abin da take tsammani take nuna maka.

11/ Wannan ya kawo ni kan fuska, inda na fi so mu tsaya. Fim ɗin launi na da, ba don fatarmu aka auna shi ba. Kodak tana da wani kati mai hoton Baturiya da ake kira Shirley, da shi gidajen wankin hoto ke daidaita launi shekaru da yawa. Shi ya sa a wasu tsofaffin hotunan gida, in an tsaya da farar riga, sai ka ga riga da haƙora, fuska ta shige duhu.

12/ Kamfanin Transsion na Chaina, mai Tecno da Infinix da itel, ya gane wannan tun da wuri, ya gyara kyamarorinsa su riƙa fito da baƙar fata. Yana cikin abin da ya ba shi kusan rabin kasuwar wayar zamani a Afirka. Google sai a 2021 ta fito da nata gyaran mai suna Real Tone a Pixel 6. A wannan fannin kam wayar talaka ta riga ta masu kuɗi.

13/ Sai dai mun tsallake rijiya mun faɗa wata. Yanzu ba duhu ne matsalar ba, fari ne. Wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne, musamman kyamarar gaba. Ta shafe ƙuraje, ta shafe zane, ta ƙara haske, ta rage hanci. Ka ɗauki Gwaggo mai shekara sittin ta fito ba ko layi ɗaya a goshi.

14/ Na taɓa kai wa wata amarya hotunan dinarta, ta kalla ta kalla ta ce, "Malam, ka baƙanta ni." Wallahi ban taɓa launin ba, ita ce sak, kuma ta yi kyau. Amma shekara nawa tana ganin kanta ta cikin filta, har fuskarta ta gaskiya ta zame mata baƙuwa. Abin ya tsaya min a rai har yau. Ku shiga saitin kyamara ku kashe abin nan, ko na sati ɗaya ne, ku sake sabawa da fuskarku.

15/ Duk da haka ina nan kan bakana, waya ta ci wannan gasar, kuma ba ni na yanke hukuncin ba. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, ta ce a 2010 an fitar da kyamarori kusan miliyan 121. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Kodak da injiniyanta ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, ita ce ta shiga kotu neman kariyar karayar arziki a Janairun 2012.

16/ Dalilin ba boyayye ba ne. Yaron Yaya Babba ya fara tafiya ranar wata Talata da hantsi, a tsakar gida, Hajiya na tankaɗe. Taku uku ya yi ya zauna daɓas. Wa zai shiga ɗaki ya buɗe jaka, ya cire murfi, ya tarar batir ya mutu tun Sallah? Wayar da ke hannun ƙanwata ce ta kama shi. Hoton ya ɗan karkace, amma akwai shi.

17/ Ga kuma abin da masu ba da shawara daga Turai ba su sani ba. Rataya babbar kyamara ka bi ta kasuwar Tarauni. Kafin ka kai layin 'yan kayan miya an tambaye ka sau biyar: ɗan jarida ne? Wa ya aiko ka? Ina za ka kai? Yara sun biyo ka, mata sun ja mayafi, mai nama ya gyara hula ya ƙame. Rayuwar da ka zo ɗauka ta gudu.

18/ Sai hazo. Duk wanda ya taɓa canza lens a waje a watan Janairu a Kano ya san zancen. Ƙura ta shiga ta zauna a kan sensa, duk hoton da ka ɗauka da ɗigo a wuri ɗaya, sai ka nemi mai gogewa. Ita waya a rufe take ruf. Ka goge gilashin da gefen riga, an gama.

19/ Af, goge gilashin nan. Rabin hotunan da kuke cewa "kyamarar wayata ta lalace" maiƙon yatsa ne. Kin ci awara, kin ɗauki waya, kin ce hoto na hazo-hazo. Ba sai an je Farm Centre ba, hanki ya isa 😅

20/ Kuma kyamara ba a sayenta ita kaɗai. Lens ɗin da ke zuwa da ita na gama-gari ne, wanda ke dusashe baya ya fito da mutum daban ake saye. Sai filash, sai batir na biyu saboda halin wutarmu, sai memori, sai jaka, sai kwamfutar gyara. Adashin ƙanwata zai ƙare a kan gangar jiki, ta dawo gida tana ɗauka a kan otomatik, hoton ya fito bai kai na wayarta armashi ba. Na ga wannan ya faru da mutane fiye da sau ɗaya.

21/ Inda kyamara ba ta da abokin karawa, ba zan ɓoye ba. Abu mai nisa, abu mai gudu, wuri mai duhu. Ka tsaya cikin cunkoso a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe kana son fuskar mahayi da adon dokinsa daga can nesa, waya za ta ba ka tabo mai launi. Jawo hoto da yatsa biyu a yawancin wayoyi yankewa ne kawai da buɗawa, ba matsowa ba.

22/ Haka filin wasa na Sani Abacha in Pillars na buga ƙwallo. Haka zauren biki da fitilu ja da shuɗi, amarya na tafiya ana liƙi. Tsarin dare na waya yana so kowa ya tsaya cak na daƙiƙa biyu ko uku. Wa zai tsayar da 'yan mata a filin rawa? Shi ya sa hannaye ke fitowa kamar na aljanu.

23/ Don haka in sana'a za ka yi, a biya ka, sayi kyamara, ko ta hannu ce, ka koyi aikinta. Ranar auren mutum ba ta dawowa, kar ka je masa da waya kana cewa ai iPhone ce. In kuma bikinku ne, ku ɗauki mai hoto ku biya shi haƙƙinsa ba tare da "ai ɗan'uwa ne" ba. Hayar gwani na yini ɗaya ta fi sayen kayan aikin da za su kwana a sif.

24/ Ita kuwa mai atamfa, matsalarta ba kaifin hoto ba ce, launi ne. Waya na ƙara wa launi gishiri. Shuɗi ya ƙara shuɗi, ja ya koma kamar wuta. Kaya su isa hannun mai saye a Zariya ta bugo: "Hajiya ba wannan na gani ba." Maganin kyauta ne. Inuwa da safe kusa da ƙofa, ba cikin rana ba, ba ƙarƙashin ƙwan fitila ba. Farin zani a ƙasa. A kashe filta. A gwada hoton da kayan ido da ido kafin a ɗora.

25/ Sannan duk wahalar da ka sha, WhatsApp zai matse hoton kafin ya isa. Ko da kyamarar miliyoyi ka ɗauka, in ta sitatus za a gani a allon da bai kai tafin hannu ba, bambancin ya kusa ɓacewa. Tun 2023 akwai maɓallin HD, ku riƙa dannawa. In hoton mai muhimmanci ne, a tura shi a matsayin dokumen, zai je yadda yake.

26/ Yanzu ga ainihin abin da ya sa na buɗe zaren nan, wanda ban iya faɗa wa ƙanwata a tsaye a ƙofar gida ba. Abin da mai hoto na da ya fi mu da shi ba kyamara ba ce. Shi in ya ɗauka, sai ya wanke ya kawo maka a hannu.

27/ Kakarmu, Inna, ta yi shekara uku na ƙarshe a gidanmu. Ni ne mai ɗaukarta. Tana jan carbi a kan darduma, tana yi wa jikoki faɗa, tana dariya ranar da aka sa mata gilashin ido sabo. Akwai bidiyon da take lissafo sunayen kakanninta har bakwai, na ce zan zauna in rubuta. Duk suna cikin waya ɗaya.

28/ Wata huɗu bayan rasuwarta, ina cikin adaidaita da daddare a hanyar gida, na ciro wayar in duba saƙo. Hannu kawai na gani. Alhamdu lillahi ba a taɓa lafiyata ba, mun san waɗanda suka rasa ransu a kan waya a garin nan, har ta kai a 2023 gwamnatin jiha ta ce za a ɗauki ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Na sayi wata wayar bayan wata biyu. Inna ce ban samu ba.

29/ Na ce ai suna Google. Na buɗe, babu. Ashe ajiyar ta cika tun tuni ta daina ɗauka, ni kuma kullum ina ture sanarwar gefe, kuma ina kashe ɗorawa don kar ta cinye min data. Laifina ne, ba na kowa ba. Na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, na samo guda shida da na taɓa turawa a guruf ɗin gida, duk a matse, in ka buɗa sai fuskar ta farfashe.

30/ Kun san hoton Inna da ya rage mai kyau? Wanda aka ɗauka a gidan hoto a 1987. Tana zaune a kujera, labule mai zanen furanni a baya, ta ɗora hannu a gwiwa, ba ta murmushi don a lokacin ba a yi. Yana cikin albam ɗin Hajiya a ƙasan akwati, tare da kanamfari da tsofaffin katin asibiti. Ya kusa shekara arba'in, ba caji, ba data, ba kalmar sirri.

31/ Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wani 24. Mai hoto ba ya dannawa sai ya tabbata. Iyayenmu ba su fi hoto ashirin ba a duk ƙuruciyarsu, kuma ga su nan muna gani. Mu muna da dubu goma a aljihu. Ku tambayi kanku tsakani da Allah: ina hotunan wayarku ta shekara biyar da ta wuce? Ta uku baya fa?

32/ Ranar Babbar Sallar 2025, 6 ga Yuni, gobara ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre ta ci shaguna masu yawa. Allah Ya mayar wa 'yan kasuwa da alheri. Da na ji labarin, bayan dukiyar mutane, abin da ya faɗo min shi ne teburin masu gyara. Duk wayar da aka bari a gyara allo ko wurin caji, akwai sunan wani a ciki, akwai auren wata, akwai mahaifin da ya rasu.

33/ Kuma kar ku ce sayen kyamara zai magance wannan. Memori ma yana mutuwa, kwamfuta ma ana sacewa. Ina da abokan sana'a da faifan ajiyarsu ya ƙone da bikin mutane na shekara biyu a ciki. Kyamara ta zamani da waya duk jirgi ɗaya ya kwaso su a nan.

34/ Abin da nake yi yanzu ba wani abin kirki ba ne, amma yana aiki. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma imel da sauran fayil duk a ciki suke ci. Tun 1 ga Yunin 2021 aka daina ajiyar hoto mara iyaka. Don haka na daina tura masa komai. Na hana shi kwasar hotunan guruf da barka da Juma'a, na bar masa na gida kawai.

35/ Ku rubuta imel ɗinku da kalmar sirrinsa a takarda ku ajiye a gida. Da yawanmu yaron shago ne ya buɗe mana akawun ranar da muka sayi waya, ba mu ma san sunansa ba. Waya na tafiya, akawun ya bi ta. Kuma Google na iya goge akawun ɗin da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba.

36/ Sai babban: duk bayan wata uku ina zaɓar hoto ashirin in kai a wanke. Ashirin kacal. Zaɓen ne ma ya fi wahala, don sai ka ga a cikin ɗari takwas, ɗari bakwai kai ne a gaban madubi. Hoto mai megapiksel 12 ya isa a wanke shi girman takardar A4 ya fito lafiya, balle ɗan madaidaici na albam. A baya ina rubuta rana da sunayen waɗanda ke ciki da biro.

37/ Wata 'yar magana a gefe, tunda wayar ce a hannun kowa. Mai hoto na da, an san shi, an san inda hoton zai je. Yanzu a wurin kamu waya hamsin ce a sama, matan aure sun saki jiki a cikin 'yan'uwansu mata, kafin a watse suna TikTok. Ku tambaya kafin ku ɗora fuskar da ba taku ba. Ni na sha goge hoto mai kyau don mai shi ta ce a'a.

38/ Yadda muka ƙare da ƙanwata: jiya na raka ta Farm Centre. Wayarta ta tsufa da gaske, gilashin baya ya tsage, don haka ta canza wata mai dama-dama, ba mai lamba mafi girma a kwali ba. Mun gwada uku a cikin shagon, ta ɗauki fuskata da gefen mayafinta a kowace, muka zaɓi wadda ta fito da launin yadda yake. Mai shagon ya so ya tura mu kan mai 108, na ce ya bari.

39/ Ragowar kuɗin ta ƙara jari da shi, ta sayi farin yadi biyu na shimfiɗa da albam mai ɗaukar hoto ɗari biyu. A hanyar dawowa muka tsaya aka wanke mata talatin. Har yanzu tana cewa wata rana sai ta sayi kyamarar, na ce in ta fara karɓar aikin suna ni zan raka ta, har in ba ta aron tsohon filash ɗina.

40/ Da muka shigo, Hajiya ta karɓi ambulan ɗin ta zauna a bakin gado ta sa gilashi. Ta daɗe a kan na yaron nan mai taku uku, wanda ya karkace. Sai ta tashi ta jawo akwati, ta ciro tsohon albam, ta zura shi a shafin da ke kallon na Inna. Ta ce a wanko mata wani, za ta aika wa Kawu a Maradi.